Rasuwar Jan Wuya, Injin Yankan Ciyawar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, ni matar gidan nan, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, a madadin kaina da maigidana, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar injin yankan ciyawarmu, wanda aka fi sani da Jan Wuya. Ya cika ne da hantsi, a bakin aikinsa, hannuna na kan mariƙinsa, bayan doguwar jinya.

Ba mu ce Allah ya jiƙansa ba, domin ƙarfe ne, kuma mun san iyakarmu. Amma muna cewa Allah ya saka wa hannun da ya ƙera shi da alheri.

Na rubuta wannan sanarwa saboda masu jimami na gaskiya. Na kuma rubuta ta saboda waɗanda suka ji labarin suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Su ma su daure su karanta har ƙarshe. Wasu daga cikinsu ni na haife su.

Marigayin ya shigo gidan nan ne a shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Malam, wato maigidana. Kafin nan filin bayan gida nasa ne shi kaɗai. Direban jirgin ƙasa ne a zamaninsa, kuma da ya ajiye aiki sai ya mayar da ƙarfinsa kan ƙasa. Shi ya dasa lemon, shi ya dasa gwaibar, shi ya shuka ciyawar, kuma da adda yake sare ta a sunkuye, yana rera wata waƙa da ba ta da kai ba ta da gindi. Da ciwon ya zo, ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ya ɗauke masa magana, sai 'yan kalmomi da yake fizgowa da ƙyar.

Likita ya ce a riƙa fitar da shi yana shan iska. Ni ma na san haka, aikina ne. Sai dai ciyawa ba ta san mai ita ya kwanta ba. Masu yankan haya sukan zo ran da suka ga dama, su sassare sama-sama su tafi. Da damina ta kankama sai ga ciyawa har gwiwa. Wata safiya na tura kekensa na guragu zan kai shi gindin lemo, taya ta faɗa wani rami da ciyawar ta rufe, keken ya tuntsure. Malam ya kife a cikin raɓa. Na ja, na ɗaga, na kasa. Sai da na yi kururuwa maƙwabcinmu tela ya tsallako katanga muka ciccibe shi. Da muka mayar da shi ɗaki, ya juya fuskarsa bango. Daga ranar, in na nufi ƙofar baya da keken sai ya dafe tayar da hannunsa mai lafiya, ya ce, "A'a."

Ban yi shawara da kowa ba. Na yafa mayafina na tafi shagon kayan aikin lambu. Mai shagon ya tarbe ni da fara'a, na ce injin yankan ciyawa na zo saya.

"Mama, wa za a saya wa?"

"Ni."

"To, wa zai riƙa aiki da shi?"

"Wadda ke tsaye a gabanka."

Ya yi murmushi ya ɗauko min almakashin gyaran shinge. Na ce masa ni ba aski na zo koyo ba. Da ya ga ba wasa a fuskata, sai ya fara nuna min kaya na gaske. Akwai na ratayawa a kafaɗa, mai doguwar sanda, wanda ke shiga lungu da gindin bishiya. Na rataya, aka tayar, na ji rawarsa har cikin haƙorana. Kuma yankansa ba ya barin ƙasa bai-ɗaya, tudu nan kwari can, alhali keke shimfiɗa yake so. Akwai na lantarki mai jan waya, marar nauyi, marar hayaƙi, amma wayar ba za ta kai gindin lemon ba, kuma na san halina, watarana ta kanta zan bi. Sai can a kusurwa na hango wani ja, mai faɗin ƙirji, tsaye a kan tayoyi huɗu kamar yana jiran a yi masa magana ya rama.

"Wannan na fetur ne, Mama," in ji mai shagon. "Sai an ja igiya yake tashi, kuma jan na maza ne."

Na gaya masa na ƙare ƙuruciyata ina juya marasa lafiya a kan gado, waɗanda suka ninka shi nauyi. Na dafe injin, na ja. Ya ce fur-fur, ya yi shiru. Na sake ja, ya yi tari. Da na ƙara, sai ya ɗauka, gurrrr, har mai shagon ya ja da baya ya take wani bokiti. A nan muka ƙulla, ni da marigayin.

Ranar da na fara yanka, Malam na ɗaki, taga a buɗe. Ƙamshin ɗanyar ciyawa ya cika gidan. Na je ƙarshen fili na juyo ke nan, sai na gan shi a bakin ƙofar baya. Da ƙafa ɗaya ya turo kansa a kan keke tun daga gefen gado. Ya ɗaga hannu ya nuna wajen katanga, bakinsa na rawa, ya ce, "Saura." Na duba, ashe na bar wani tsiri ban yanke ba. Tun da ya kwanta, ban da "a'a" da "ruwa" ban ji komai daga bakinsa ba sai ranar. Na koma na yanke tsirin, hawaye na zubo min, na ce hayaƙi ne.

Daga nan ya zama shugaban aiki. Yakan zauna a gindin lemo da sandarsa a cinya, yana nuna min can da nan, yana girgiza kai in layina ya karkace. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan layin dogo ba ya yafe karkatacciyar hanya. Mun yi faɗa a filin nan fiye da yadda muka yi a duk zaman aurenmu, kuma kowane faɗa ya ƙara masa kalma.

Waɗanda suka san marigayin za su shaida cewa ba shi da munafunci. In yana jin yunwa ya faɗa, tuf-tuf-tuf, ya tsaya cak. In wuƙarsa ta dakushe sai ya tauna ciyawar ya tofar, kowa ya gani. Ba ya zaɓen aiki. Ya shiga jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya shiga ƙaya, ya bi ta kan gidan tururuwa bai ja da baya ba. Bai taɓa tambaya ko mace ce ke tura shi ba, wanda hakan ya fi ƙarfin wasu masu rai. Matar tela ta taɓa leƙo kai ta katanga ta ce, "Yaya, ki bari mana, da jikokinki da komai, mutane na gani." Na ce mata su gani, ai kallo ba ya rage ciyawa.

Ba za mu yi masa ƙaryar da ake yi wa matattu ba, yana da nasa halin. Muryarsa ba ta san ladabi ba. Ya cinye tiyon ban-ruwa har sau biyu. Ya taɓa harba tsakuwa ta fasa gilashin tagar kicin. Ya kuma haɗiye takalmin surukina, mijin Auta, wanda ya cire ya ajiye a ciyawa don ya sha iska. Ƙwat, sai ga gutsattsarin fata na tashi sama. Surukin nawa ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe yana cewa ba komai, ba komai. A ranar Malam ya yi dariyarsa ta farko, da rabin baki, har ya sarƙe sai da na bubbuga masa baya. Saboda wannan dariyar kaɗai na yafe wa marigayin tiyo da gilashi da duk abin da ya biyo baya.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da tari. Sai a ja igiya a ja, ya ce fur, ya koma barci. Makanikin da ke gyaran janareta a bakin titi ya zama likitan gida. Ya canza masa fulogi, ya wanke kafireta, ya juye baƙin mai, ya ɗaura sabuwar igiya da tsohuwar ta tsinke. Marigayin ya samu sauƙi na ɗan lokaci, sannan ya fara fitar da shuɗin hayaƙi, yana shan mai kamar ruwa. Tare muka tsufa. Kafaɗata ta dama ta fara ƙara irin tasa, har ya zama kafin ya tashi ni na kusa kwanciya. Amma in ya tashin, sai mu yi aikinmu, ba wanda ya ji kanmu.

A ranar ƙarshe ya tashi da ja ɗaya, abin da ya daɗe bai yi ba. Na san irin wannan sauƙin, na sha ganinsa a asibiti, amma na ƙi gaya wa kaina. Muna zagaya gindin gwaiba sai na ji ƙas a cikinsa, sannan ƙwal-ƙwal-ƙwal, sannan shiru. Shirun ya yi yawa har na ji kukan tsuntsaye. Makaniki ya zo ya buɗe cikinsa, ya leƙa, ya goge hannu a tsumma.

"Mama, sandar da ke juya fistan ce ta karye, ta fasa jikin injin daga ciki. Wannan kam sai haƙuri."

Na dubi Malam. Ya daɗe yana kallon jan ƙarfen, sannan ya ce, "To."

Marigayin ya rasu ya bar baro mai ciwon taya, da manjagarar da haƙoranta suka zube, da tsohuwar addar Malam wadda ta yi murabus tun zuwansa, da galan da mazurari waɗanda yanzu ba su da mai ci a hannunsu. Ya kuma bar tsofaffi biyu da fili guda, a tsakiyar damina.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gawar ba ta huce ba 'ya'yana suka kira taro a falo. Ɗana na fari, wanda ke zaune can sama a wani dogon bene a tsakiyar gari, shi ya fara.

"Umma, Allah ne ya kawo ƙarshen wahalar nan. Na gyara muku ɗaki a wurina. Akwai lif mai hawa da mutum sama, akwai mai aiki. Gidan nan a sa shi a kasuwa."

Auta ta ce, "In kuma ba za ku tashi ba, a malale filin da siminti kowa ya huta. Umma, na gan ki fa kina ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya."

Wannan ta soke ni, don gaskiya ce. Na san kuma ƙauna ce ta kawo su, ba kwaɗayi ba. Amma na tambaye su, a can saman benen wace bishiya uban nasu zai zauna a gindinta? In kuma an zuba siminti, wa zai iya zama a kansa in rana ta take, in ba mai son gasuwa ba?

Babban nawa ya ce, "Umma, Baba fa ba ya ma gane bambancin."

Malam na zaune a falon, a kekensa, kusa da taga. Ba wanda ya dube shi tun da aka fara magana.

"Ga shi nan," na ce. "Ba a bayansa kake ba. Tambaye shi."

Ya ji kunya. Ya je ya durƙusa a gaban keken ya ce, "Baba, za ka zo wurina ka zauna?"

Malam ya dube shi, ya dubi taga. Jijiyar wuyansa ta miƙe, muka yi ta jira. Sannan ya ce, "Ni... na... dasa."

Ɗan nawa ya sunkuyar da kai. Da ya miƙe idonsa ya yi ja, kuma ni ya juyo wa.

"Ba shi ke tura injin ba, ke ce. Ran da kika faɗi a can baya, wa zai ɗaga ku, ku biyu?"

Ya fita bai yi sallama ba. Bayan haka surukina, da niyyarsa ta alheri, ya turo magini ya auna filin. Na iske shi ya shimfiɗa igiyar awonsa daga katanga zuwa gindin lemo. Na gaishe shi da mutunci, na tambayi iyalinsa, sannan na ɗauki manjagara na raka shi har ƙofa. Ina ba shi haƙuri ta wannan sanarwa, shi aiko shi aka yi.

Ana cikin wannan, ciyawa na ta aikinta. Ta kai idon sawu, ta wuce. Malam ya koma kallon fili ta taga. Sai na ciro addarsa na wasa, na ce ko hanyar keke ce zan fitar masa zuwa gindin lemo. Ban kai rabi ba bayana ya riƙe, na zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, adda a hannu, na kasa tashi. A haka Auta ta same ni. Ta fizge addar ta jefar, ta ɗaga ni, tana kuka tana faɗa.

"Tunda ba za ki ji ba, gara in kai ki da kaina. Shiga mota. Baba ma da shi za mu."

Mai shagon ya yi furfura, amma ya gane ni. "Mama mai jan igiya!" Ya kai ni wurin wani ɗan gidan su marigayin, ja kamarsa, sabo fil. Na kama igiyar, na riƙe, na saki. Na ce masa kafaɗata ta ajiye aiki, ni ce ban ajiye ba. Ya nuna mana wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta, amma ba zai wuce tsakanin lemo da gwaiba ba. Ya nuna mana wani mai kama da kunkuru, wanda ke yawo shi kaɗai yana yanka ba mai tura shi. Auta ta ce shi ke nan, an samu. Malam ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "A'a." Na fahimce shi. Wanda ba ya jin magana, wa zai ba shi umarni?

Sai aka fito da na batir. Ban bari kyansa ya ruɗe ni ba. Na tambaya ko caji ɗaya zai gama fili irin namu, aka ce in ciyawa ta yi kauri sai da na biyu, na ce a haɗo da shi. Na tambaya ko ana samun wuƙarsa in ta lalace, ya ciro min ita daga kan kantar shagon na gani da idona. Na gwada ɗaga shi da sauke shi don tsayin yanka. Na ɗaga gabansa da hannun hagu na ji nauyinsa. Yana ma jan kansa, mutum bin sa kawai yake yi yana nuna masa hanya. Ba ya tashi sai an danna maɓalli an kuma matse wani ƙarfe a mariƙi. Ina laluben yadda zan haɗa biyun da kafaɗa ɗaya, sai Malam ya miƙo hannunsa mai lafiya ya danna, ni kuma na matse. Injin ya ce zuuuu, kamar ƙudan zuma.

Malam ya yamutsa fuska. "Raggo," in ji shi.

Mai shagon ya fitar da shi kan 'yar ciyawar da ke gefen shago, na bi shi layi ɗaya na dawo. Malam ya sa Auta ta tura shi a kan wurin da aka yanke. Keken ya wuce sumul. Ya ce, "To." Muka haɗa da ƙaramin na ratayawa mai amfani da batir iri ɗaya, saboda gindin bishiya da jikin katanga. Auta ta kafa sharaɗi cewa ba zan ƙara fita filin ba sai da waya rataye a wuyana. Na karɓa, domin tambayar yayanta tambaya ce ta gaskiya, kuma wannan ce amsar da nake da ita. Ban da wata.

Saboda haka, ga masu tambaya ko gidan na kasuwa, ba ya kasuwa. Ga masu sayar da siminti, mun gode, Allah ya kawo muku wani cinikin. Ga masu cewa shekaruna sun wuce wannan aiki, ni ma na san shekaruna, ina wurin aka fara ƙirga su.

Za a yi jana'izar Jan Wuya ranar Asabar da hantsi. An riga an tsiyaye masa mai, an wanke shi, an goge jan fentinsa har yana ɗaukar ido. Makaniki ya nemi tayoyinsa da mariƙinsa don wasu marasa lafiya da ke kwance a wurinsa, kuma iyalai sun amince, amma sai an kai shi ƙofa a kan ƙafafunsa. Za a taso da shi daga rumfar ajiya, a bi da shi ta gindin gwaiba, a tsaya gaban Malam ya sallame shi, sannan a miƙa shi ga mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda ya yi alkawarin zuwa da amalanke mai tsabta. Surukina zai yi jawabi a madadin waɗanda marigayin ya ɓata wa.

Za a karɓi gaisuwa a filin bayan gida, a kan ciyawa, ba a falo ba. Wanda ba ya iya taka ciyawa ya aiko da saƙo.

An keɓe wa ɗana na fari tura gawar daga rumfa zuwa ƙofa, domin shi ne babba, kuma wurinsa ne. Har yanzu bai ɗaga wayata ba. In ya zo, mariƙin na jiransa, ba kuma wanda zai tayar da maganar da ta wuce. In bai zo ba, ba za a ba wa kowa wurinsa ba. Ni zan tura.